Alif, PAC ko ƙwayar alumina: wanne ya dace da ruwan da kamfaninka yake zubarwa?

Kwanaki wani yayana, ɗan wan babana, da yake da ɗan ƙaramin wajen sarrafa fata can ɓangaren Sharaɗa ya kira ni bayan isha'i, wai wani dillali ya kawo masa samfurin wasu fararen ƙwayoyi a leda, ƙanana kamar tsakin masara, ya ce masa in dai ya cika tanki da su ya bi da ruwan kamfani ta ciki to magana ta ƙare, duk gubar da take ciki za ta maƙale ruwa ya fito fes. Na ce Yaya dan Allah kar ka fitar da ko kwabo tukunna, ka sa yaro ya ɗebo min ruwan nan a robobi, kuma kar a ɗebo daga waje ɗaya, kowace kwata da robarta. Washegari aka kawo min robobi huɗu, ɗaya fari-fari mai kauri mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ɗaya shuɗi-kore, ɗaya ruwan ƙasa mai gishiri da jini-jini, ɗaya kuma haɗakar duka. Na jima ina aikin gwajin ruwa, kuma abin da ya fi damuna a garin nan shi ne yadda ake sayen magani kafin a san ciwo, shi ya sa na ga gara in zauna in baje abin nan dalla-dalla, ko wani zai huta da asara.

Bari mu fara da abin da ake son cirewar. Duk gishirin da ya narke a ruwa rabuwa yake gida biyu, ɓangare ɗaya mai cajin fozitib ɗaya mai cajin negatib. Dalma irin wadda ta kashe yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 tana cikin masu fozitib, ba ita muke magana ba yau. Masu negatib ɗin su ake kira anayon, kuma a cikinsu akwai fosfet na sabulu da omo da taki da ruwan mayanka, akwai fulorayid mai ɓata haƙori da ƙashi, akwai asenet wato asenik, akwai kuromet, akwai naitiret na masai da taki, sai salfet, sai salfayid, sai kulorayid wanda yake cikin gishirin da muka sani. Duk narkakku ne, ba a tace su da ƙyalle ko yashi, ruwa zai iya fitowa garau kamar na roba alhali suna nan ciki. Alif da PAC da alumina duk daga alminiyam ake yin su, kuma dalilin da ya sa ake ta kiran sunansa a wannan harka shi ne, fuskar sinadarinsa a cikin ruwa tana ɗaukar cajin fozitib matuƙar pH ɗin ruwan, wato ma'aunin tsaminsa wanda yake sauka in tsami ya ƙaru, yana ƙasa da wajen 8, sai ta riƙa jan masu negatib kamar yadda mayen ƙarfe yake jan ƙusa. Amma fa yana da 'yan gaban goshi. Fosfet da asenet da fulorayid yana riƙe su gam, salfet da kuromet riƙon sakainar kashi yake musu, naitiret da gishiri kuwa kusan ko kallonsu ba ya yi. Wanda ya riƙe wannan jerin a kansa ba dillalin da zai yi masa wayo.

To alif. Kowa ya san shi, iyayenmu mata suna kaɗa shi a randa in ruwan ya zo da laka, wanzamai suna gogawa bayan aski, kuma irinsa ne manyan matatun ruwa irin su Tamburawa da Chalawa suke dogara da shi wajen kwantar da lakar kogi. Na masana'anta shi ne alminiyam salfet, yana zuwa dunƙule-dunƙule ko gari a buhu, kuma alminiyam ɗin da yake ciki bai wuce kashi 9 cikin 100 na nauyinsa ba, sauran salfet ne da ruwa. In ka zuba shi a ruwa sai ya rikiɗe ya zama wani farin abu mai laushi yana yawo, kamar dai lokacin da mai awara ta zuba ruwan tsami a tafasasshen ruwan waken suya ka ga ya fara tsinkewa yana haɗuwa curi-curi, to wannan curin shi ne mai aikin, shi yake kama fosfet da asenet da wani kaso na fulorayid, ya haɗa da launi da laka da maiƙo ya ja su ƙasa. Wato a nan take kake ƙera abin kamawar a cikin ruwan, sabo fil, shi ya sa yake da ƙarfi a kan kuɗinsa.

Lissafinsa ba wuya. A takarda kilo ɗaya na fosfaras, wato sinadarin da yake cikin fosfet, yana cin kusan kilo 10 na alif, a aikace kuwa sai ka ninka ɗaya da rabi ko biyu, wani lokacin ma fiye, saboda sauran dattin da yake cikin ruwan shi ma yana cin rabonsa. Misali tankin lita 10,000 mai miligiram 10 na fosfaras a kowace lita, giram 100 ke nan gaba ɗaya, to kilo ɗaya da rabi zuwa biyu na alif zai yi maka aiki. Amma ni ba na yarda da lissafin takarda shi kaɗai. Abin da nake yi, in yanke kan robobin ruwa guda shida in jera su a kan benci, kowacce lita ɗaya ta ruwan, in narka alif giram 10 a lita ɗaya ta ruwa mai kyau, in ɗauko sirinji in zuba mil 5 a ta farko, 10 a ta biyu, 20, 30, 40, haka dai, in juya da ƙarfi minti ɗaya, sannan a hankali kamar minti goma sha biyar, in bar su rabin awa. Za ka gani da idonka, wata ta kwanta ruwan sama ya washe, wata tana nan dagule, wata kuma da aka cika mata alif ta koma fari-fari ta ƙi kwanciya sam. Mutane suna ɗauka in an ƙara alif aiki zai ƙaru, ba haka ba ne, yana da iyakar da in ya wuce lalacewa yake.

Matsalarsa ta farko tsami. Alif asid ne a ruwa, kowane kilo ɗaya yana cinye kusan rabin kilo na abin da yake tare ruwa daga yin tsami, kuma shi ya fi son pH tsakanin 6 da 7. In ya faɗi ƙasa da 5 ko ya haura 8 alminiyam ɗin narkewa yake ya bi ruwa ya fita, ka cire wata guba ka zuba wata, domin a ruwan sha ma miligiram 0.2 a lita ne iyakar alminiyam da aka yarda da shi a ƙa'idar Najeriya. Shi ya sa buhun laim, farin garin da yake kashe tsami, da takardar gwajin pH ba sa rabuwa da buhun alif, wanda ya sayi ɗaya bai sayi sauran ba rabin kaya ya saya. Matsala ta biyu laka, yana tara dagwalo mai yawa mai riƙe ruwa, sai ka tanadi inda za ka shanya shi. Ta uku, yana ƙara wa ruwa salfet, don haka in salfet ne damuwarka to alif ƙara maka ita zai yi.

Yanzu ga inda nake roƙon duk mai harkar fata ya tsaya ya karanta sau biyu. Robar nan ta farko da aka kawo min, fara mai warin ƙwai, ruwan cire gashi ne, wanda ake jiƙa fata a laim da sodiyam salfayid. pH ɗinsa yana kaiwa 12. Muddin yana sama haka salfayid ɗin yana zaune a cikin ruwa, amma da zarar ka zuba masa wani abu mai tsami, alif ne ko ruwan batir ko ma ruwan kurom na ɗaya kwatar, wato na sinadarin da ake jeme fata da shi, wanda shi ma mai tsami ne, sai ya tashi ya zama iskar haidurojin salfayid. Iskar nan ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, kwanciya take a rami da kwalbati da ƙasan tanki, kuma mugun halinta shi ne in ta yi yawa hanci daina jin warinta yake, mutum ya ɗauka ta wuce alhali lokacin ne ta fi kisa. Na taɓa tsayawa a wani kamfani, ba zan faɗi suna ba, wani yaro ma'aikaci ya juye rabin buhun alif a ramin da ruwan laim ya taru don an ce masa alif yana kwantar da datti, ya sunkuya zai juya da sanda, kawai muka ga ya dafa bango gwiwarsa ta saki. Allah Ya sa a bakin ramin yake ba a ciki ba, aka janye shi waje aka yi asibiti da shi, ya tashi. Har yau in na tuna yadda idonsa ya juye sai gabana ya faɗi, yaron bai yi laifin komai ba, ba wanda ya taɓa gaya masa. Ruwan salfayid ba na alminiyam ba ne ko kaɗan, kwatarsa daban ake yi masa, a bar shi a pH ɗinsa na sama, a zuba ɗan manganis salfet a hura masa iska na awoyi har salfayid ɗin ya ƙone ya zama abin da ba ya tashi, sannan ne zai haɗu da sauran a zo maganar alif.

PAC, wato poli-alminiyam kulorayid, ƙanin alif ne da ya je makaranta, garin nan rawaya da masu fiya wata da masu wanki da rini suka fara sabawa da shi. An riga an ɗan sarrafa shi tun daga masana'anta, don haka ba ya saukar da pH sosai kamar alif, yana haɗa curi da sauri, ba ya buƙatar laim da yawa, lakar da yake bari ma ba ta kai ta alif ba, kuma garin mai kyau yana ɗauke da kusan kashi 30 na alumina, wato alminiyam haɗe da oksijin, inda alif yake da wajen 17. Buhunsa ya fi tsada, daga waje ake shigo da yawancinsa don haka dala tana taɓa shi, kuma yana shan danshi ya dunƙule in aka bar bakin buhu a buɗe da damina. Abin da ban cika jin ana faɗa ba shi ne, in fosfet kake bi takanas, alif na gargajiya sau da yawa yana yin daidai da shi ko ma ya fi shi a kan kowane giram na alminiyam. In launi da dagulewa ne suka dame ka, ko ruwanka ba ya jure tsami, PAC ya fi sauƙin sha'ani. Kar ka kwatanta su da kuɗin buhu, ka jera robobi shida na wannan shida na wancan, ka ga nawa kowanne ya ci kafin lita dubu ta washe.

Sai ƙwayoyin da aka kawo wa Yaya. Sunansu aktibeted alumina, ana gasa alminiyam haidurokzayid ne a zafin digiri 300 zuwa 600 har ruwan jikinsa ya fita ya bar ƙofofi ƙanana birjik, giram ɗaya kacal in da za a shimfiɗa cikinsa zai rufe murabba'in mita 200 zuwa 300, kusan filin gida guda. Kaya ne mai kyau wallahi, dillalin bai yi ƙarya a nan ba. Ba ya tara laka kullum, ba a auna shi kowace safiya, cika tulun tacewa kake ka bar ruwa ya ratsa a hankali, kuma a wajen fulorayid da asenet yana cikin waɗanda duniya ta fi yarda da su. Inda ya yi ƙarya shi ne wane irin ruwa. Ƙwayar nan ta ruwa mai tsabta ce wanda abu ɗaya ko biyu ne suka ɓata shi, kamar ruwan burtsatse. Ka tura mata ruwan majema mai maiƙo da gashi da nama-nama, cikin 'yan kwanaki ƙofofin sun toshe, ɗan wajen da ya rage kuma salfet da sauran tarkace sun mamaye, ka zuba kuɗi masu yawa a abin da yashin kogi ma zai fi shi amfani a wannan matakin.

Ko a ruwa mai tsabtar ma tana da sharuɗɗa. Ta fi kamawa a pH 5.5 zuwa 6, in ruwanka yana 8 ƙarfinta ya ragu sosai sai an ɗan sa asid a gaba. In asenik ɗin nau'in da ba shi da caji ne, wanda ake samu a ruwan ƙasa mai zurfi inda ba iska, sai an fara sa kulorin ya juya shi ya zama asenet tukunna ta iya riƙe shi. Sannan tana ƙoshi. A aikace kilo ɗaya 'yan giram kaɗan na fulorayid yake ɗauka, mu ce giram 2 don misali, in ruwanka yana da miligiram 4 a lita kana son saukar da shi zuwa 1, kilo ɗaya zai yi maka lita ɗari shida da wani abu ne ya cika. Kuma ranar da ta cika ba ta canza kala ba ta wari, ruwa yana fita garau kamar jiya, sai gwaji ne kaɗai zai gaya maka. Daga nan sai wanki, a jiƙa ta da ruwan soda mai ƙuna, irin ta yin sabulu, mai ƙarfin kashi 1 zuwa 4 ya kwance abin da ta kama, a ɗauraye, a bi da asid mai rauni a dawo da ita daidai, kowane wanki kuma tana ɗan zagwanyewa ƙarfinta yana raguwa. Ruwan wankin nan fa duk gubar wata da watanni ce a dunƙule a bokiti kaɗan, in ka juye shi a kwata ka mayar da hannun agogo baya. Don haka tambayar da nake wa duk mai son saye ita ce wa zai riƙa gwadawa, wa zai riƙa wankewa? In babu amsa, kar a saya.

Maganar fulorayid ta fi shafar 'yan uwanmu na wajen Kaltungo a Gombe da Langtang a Filato, inda za ka ga yara da manya haƙora sun yi ja-ja kamar masu cin goro alhali ruwan rijiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a lita. A can zaɓi uku ne a gaban mutum. Akwai dabarar Nalgonda da aka fito da ita a Indiya a shekarun 1970, alif da laim a bokiti a juya a bari ya kwanta, mai arha ce amma tana cin alif da yawa, ɗaruruwan miligiram a kowace lita, kuma in hannu ya kauce ruwan ya yi bauri alminiyam ya rage a ciki. Akwai ƙwayar alumina, ta fi tsabta ta fi tsada. Akwai kuma gawayin ƙashi, wanda ba alminiyam ba ne amma ba zan ɓoye shi ba don a Kenya da Tanzaniya da Habasha ana amfani da shi sosai, kuma mu da muke da Abbatuwa ƙashin shanu ba zai gagare mu ba. Ga gida ɗaya a ƙauye ni gawayin ƙashi da aka ƙona da kyau zan zaɓa, ga makaranta ko masana'antar fiya wata mai ma'aikacin da ya san gwaji kuma alumina.

Akwai wani abu da nake ganin muna wulaƙantawa, lakar alif ta matatun ruwan sha. Duk matatar da take amfani da alif tana fitar da tulin laka, kuma alminiyam ɗin cikinta bai gama ƙoshi ba, in aka shanya ta ta bushe aka farfasa kamar tsakuwa tana kama fosfet sosai. A Ayaland an yi amfani da ita a matsayin shimfiɗar fadamun da ake ginawa don tace ruwan gonakin dabbobi. Ka duba mayanka, ka duba wuraren wankin mota da na kaya da suka cika gari, ruwansu duk fosfet ne, shi ne yake sa kududdufi ya yi kore shar kainuwa ta rufe shi kifi ya mutu. Rami mai shimfiɗar busasshiyar lakar nan a ƙarshen kwata zai rage abu mai yawa kusan a kyauta. Sharaɗi ɗaya, a gwada lakar kafin a ɗauka, don duk abin da ta kamo daga kogi yana jikinta, kuma ba ta ruwan sha ba ce.

Ɗalibanmu na kemistiri kuma suna yawan zuwar min da maganar wani sinadari mai hawa-hawa na magniziyam da alminiyam, haidurotalsayit, wanda ake gasawa a wajen digiri 450 zuwa 500 sannan in ya shiga ruwa ya sake gina kansa yana cusa anayon a tsakanin hawan. A ɗakin gwaji abin burgewa ne, yana kama kuromet fiye da alumina, har naitiret yana ɗan taɓawa. Amma abin da ya fi so a duniya kabonet ne, kuma ba ruwan da ba shi da kabonet, gari ne mai laushi mai wuyar tacewa, sannan ba za ka shiga Sabon Gari ka ce a ba ka buhu biyu ba. A ci gaba da bincike, ina goyon baya ɗari bisa ɗari, amma mai kamfanin da hukumar kare muhalli ta NESREA ta ba shi wa'adi ba shi zai jira ba. Jar lakar da take ragowa in an tace bokzayit, dutsen da ake samun alminiyam daga cikinsa, ita ma ana rubutu a kanta da yawa, mu ba mu da matatar, kuma kaya ce mai ƙuna, madatsar da aka tara ta ce ta fashe a Ajka ta ƙasar Hangari a 2010 ta kashe mutum goma. A bar ta inda take.

Na lantarki fa? Farantan alminiyam ake jerawa a cikin ruwan a sa musu wuta, suna narkewa a hankali suna haifar da curin nan irin na alif ba tare da an ƙara salfet ba, kuma ruwa mai gishiri kamar na fata yana ɗaukar wuta da kyau. Na ga yana cire launin rini abin mamaki. Sai dai farantan suna cinyewa, suna yin ɓawo a fuska sai an kankare ko an riƙa juya waya, ga kuɗin wuta tun ƙarin da aka yi wa 'yan Band A a Afrilun 2024, ga dizal. Mai sola da ɗan ruwa kaɗan, kamar ƙaramar marina ta zamani, zai iya gwadawa. Mai tankoki manya ya yi lissafi sosai tukunna.

Robar Yaya ta biyu, shuɗiya-koren, nan ma ana yawan ruɗewa. Kurom ɗin da ake jima da shi mai caji uku ne, fozitib ne ba anayon ba, maganinsa a ware ruwan a ɗaga pH zuwa wajen 8 ko 9 da laim ko magniziya ya kwanta, har ma ana iya narka lakar da asid a mayar da ita cikin ganga a sake jima da ita, kuɗi ne ake zubarwa a kwata. Kuromet mai caji shida, ruwan ɗorawa, mai haddasa cutar kansa, ya fi fitowa daga masu shafa wa ƙarfe kurom, kuma shi ma ba na ba da shawarar a dogara da alumina a kansa don salfet yana ture shi. Hanyar da ta tabbata ita ce a saukar da pH zuwa 2 ko 3, a sa feros salfet ko metabaisalfayit ya koma mai caji uku, a kwantar da shi da laim. Iyakar kurom a ruwan sha miligiram 0.05 ne a lita, ka ga ba abin wasa ba ne. Kuma dan Allah kar a ƙona lakar kurom ko yankakken fatar da aka jeme da shi, wuta tare da laim tana iya mayar da mai caji uku ya koma mai shida.

Ta ukun, mai gishiri, ita ce na ce masa Yaya wannan ba alif ba PAC ba alumina, duk wanda ya ce zai cire maka gishiri da ƙwaya to kuɗinka yake so. Sai dai a kakkaɓe gishirin daga jikin fata tun kafin a jiƙa, a tara shi a busasshe, abin da ya riga ya narke kuwa sai injin RO mai tsada, wanda yake matsa ruwa ta cikin siririn matacin da gishiri ba ya iya wucewa. Haka naitiret, wanda yake damun rijiyoyin cikin gari inda masai da rijiya suke maƙwabtaka, iyakarsa miligiram 50 a lita kuma jarirai ya fi yi wa illa, alif ba ya taɓa shi, tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take don ruwa ne yake tafiya shi ya zauna. A nan ko RO, ko rezin na musamman, wato wasu ƙwayoyin roba masu kama naitiret, ko a canza inda ake ɗiban ruwan da ake haɗa wa jariri madara.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan, ruwan Sharaɗa yana bin Salanta ya gangara wajen kogin Chalawa, na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara har dam ɗin Wasai, kuma a bakin waɗannan ruwayen ake noman latas da kabeji da alayyahun da yake zuwa kasuwanninmu. Duk abin da ka zaɓa a cikin kayan nan ba ɓatar da guba yake ba, tattara ta yake waje ɗaya, a laka ko a ƙwaya ko a ruwan wanki, in aka kwashe lakar aka jibge a bayan katanga ruwan sama na farko zai mayar da ita inda aka hana ta zuwa. A shanya ta a dandamalin siminti mai rufi, mai kurom ko asenik a ware ta daban kar ta je gona da sunan taki.

Yaya dai ya mayar wa dillali ledarsa. Kuɗin da ya yi niyyar zubawa a ƙwaya ya kira magina suka raba masa kwata uku, ta laim daban da injin hura iska, ta kurom daban da ɗan tankinta, sauran kuma su taru a babban rami inda ake sa alif, don a gwajin robobin da muka yi alif da ɗan laim ya fi PAC arha a ruwansa, ko da yake a wajen wani abokinsa mai rini PAC ne ya ci. Na bar masa takardar pH fakiti biyu da sirinji, na zauna da yaransa uku na nuna musu ramin da ba a zuba wa alif ko da wasa, muka rubuta da jan fenti a jikin bangon. Gishirin ne har yanzu muke fama da shi, sati mai zuwa zan koma in ga nawa suke iya kakkaɓewa kafin jiƙo.